Darasin Tattalin Sufuri: Daidaita Lokacin Aikin Injin Domin Rage Shan Mai da Kiyaye Ƙarfi

Tun daga ranar 29 ga watan Mayu na shekarar 2023, lokacin da Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya bayyana janye tallafin man fetur, kuɗin mai ya zama babban abin da yake cinye ribar duk wanda sana'arsa ta dogara ga injin. Litar fetur da ake sayarwa ƙasa da Naira 200 kafin wannan rana ta haura Naira 1,000 a Abuja cikin watan Oktoba na shekarar 2024. Shi kuwa man dizal, wanda aka daɗe da sakar wa kasuwa farashinsa, ya ninka fiye da sau biyu cikin shekarar 2022 kaɗai. Ɗan kasuwa ba shi da iko a kan farashin lita, amma yana da iko a kan yawan aikin da kowace lita za ta yi masa. Ɗaya daga cikin abubuwan da suke yanke wannan hukunci shi ne daidaiton lokacin aikin injin, watau abin da makanikai suke kira taimin. A kansa darasinmu zai tsaya.

Dalilin da ya sa batun ya shafi Kudancin Kaduna

Garin Kafanchan, hedkwatar ƙaramar hukumar Jema'a, ya bunƙasa ne a matsayin mahaɗar jiragen ƙasa tun daga shekarar 1927, inda hanyar dogo da ta taso daga Fatakwal ta Inugu da Makurɗi ta rabu biyu, reshe ɗaya ya nufi Kaduna, ɗaya kuma ya haye zuwa Jos. Da harkar jirgin ƙasa ta ja baya, sai nauyin jigila ya koma kan mota. Cittar da ake nomawa a Kachia da Kagarko da Jaba da Jema'a, da doya da masara da katako, duk a bayan manyan motoci suke barin yankin zuwa Kano da Legas. A ƙauyuka kuma injinan niƙa da na ban ruwa da janareta su ne ƙashin bayan ƙananan sana'o'i. Bayan annobar da ta afka wa gonakin citta a shekarar 2023, manoma da 'yan kasuwa da dama sun rasa jari, don haka ba su da sauran rarar da za su ƙone a banza ta bututun salansa.

Har ila yau, ƙasar yankin ba shimfiɗaɗɗiya ba ce. Motar da ta tashi daga Kafanchan ta Kagoro da Manchok, ko ta Gidan Waya, zuwa Jos, dole ta hau tsaunukan Filato da kaya a bayanta. A irin wannan hawa ne injin da lokacinsa ya goce yake tona asirin kansa, da baƙin hayaƙi da zafi da kasala.

Yadda injin yake juyawa

Galibin injinan mota suna aiki ne da tsarin bugu huɗu wanda Bajamushe Nikolaus Otto ya kammala a shekarar 1876. A bugu na farko fistan yana sauka ya zuƙo iska. A na biyu yana hawa ya matse ta. A na uku mai yana kamawa da wuta, ƙarfin ƙonewar ya tura fistan ƙasa. A na huɗu fistan yana sake hawa ya kori hayaƙi waje. Bugu na uku ne kaɗai yake samar da ƙarfi. Sauran ukun hidima suke yi masa.

Sanduna biyu ne suke tafiyar da wannan aiki. Ta ƙasa, karanshaf, ita take karɓar ƙarfin fistan ta mai da shi juyi. Ta biyu kuwa, sandar kam, tana da ƙusoshi masu kamar ƙwai waɗanda suke danna bawul ya buɗe, sa'an nan su sake shi ya rufe. Karanshaf tana zagayawa sau biyu, watau digiri 720, kafin sandar kam ta zagaya sau ɗaya. Bel mai haƙora, ko sarƙa, ko giyoyi, su suke haɗa sandunan biyu domin kada ɗaya ta wuce ɗaya.

Domin mai karatu ya gane ƙanƙantar lokacin da ake magana a kai, ga lissafi. Injin da yake juyi 2,000 a minti ɗaya yana cin digiri 12,000 a daƙiƙa ɗaya. Ke nan digiri 12 na juyin karanshaf yana wucewa ne cikin kashi ɗaya bisa dubu na daƙiƙa. A cikin wannan ɗan taƙi ne ake samun riba ko asara.

Lokacin sandar kam

Abin da ya fi muhimmanci a aikin kam shi ne lokacin da bawul ɗin shigar iska yake rufewa. Ba ya rufewa daidai da isar fistan ƙasa; masu ƙira suna barinsa a buɗe na ɗan lokaci bayan haka, saboda iskar da ta riga ta ɗauko gudu tana ci gaba da kwarara cikin silinda. Idan aka gabatar da kam da 'yan digiri, bawul zai rufe da wuri, injin ya sami ƙarfin ja a ƙananan juyi, amma numfashinsa ya ƙare da wuri idan an taka shi sosai. Idan aka jinkirta kam, sai al'amarin ya juya: ƙarfi ya koma can sama wajen gudu, ja daga tsaye kuma ya raunana. Masu motocin tsere sukan matsa shi da digiri 2 zuwa 4 domin su zaɓi ɗaya daga cikin biyun. Motar haya da ta kaya, waɗanda rayuwarsu duka a ƙananan juyi da matsakaita take, ba su da abin da za su amfana da shi a jinkirin kam.

To, amma matsalar garejinmu ba ta 'yan digiri ba ce. A ɗauka giyar kam tana da haƙora 40. Kowane haƙori ɗaya daidai yake da digiri 9 na kam, watau digiri 18 na karanshaf. Saboda haka makaniken da ya ɗaura bel ya kuskure haƙori ɗaya tak ya gusar da lokacin injin ninki huɗu ko fiye na abin da masu tsere suke yi da gangan. Injin zai tashi, zai kuma yi tafiya, shi ya sa mai mota ba ya lura, sai dai ya ga kuɗin mai yana ƙaruwa.

Akwai wasu hanyoyi uku da lokacin kam yake gocewa a hankali. Ta farko, sarƙa tana miƙewa da tsufa, kam ya riƙa zuwa a makare. Ta biyu, idan injin ya yi zafi ya ƙone gaskit aka kai kan silinda aka share fuskarsa, to a injin da sandar kam take sama, tazarar da ke tsakanin sandunan biyu ta ragu, wannan ma yana jinkirta kam. Ta uku ita ce ratar bawul: idan ta yi faɗi, bawul zai buɗe a makare ya rufe da wuri, idan ta matse ƙwarai, ba zai zauna daram ba, sai ya ƙone.

Dangane da bel kuwa, masu ƙira da yawa suna umartar a canza shi tsakanin kilomita 60,000 da 100,000, gwargwadon irin injin. A injina da dama, idan bel ya tsinke ana cikin tafiya, fistan yana bugun bawul ɗin da ya tsaya a buɗe ya lanƙwasa shi. Kuɗin bel ba ya kama ƙafar kuɗin wannan gyara.

Lokacin feshin mai a injin dizal

Injin dizal ba shi da fulogi. Zafin iskar da aka matse ne yake kunna man da nozul ya fesa. Man ba ya kamawa nan take. Yana ɗan jinkiri kafin ya haɗu da iska ya tashi. Saboda haka ake fara feshin tun kafin fistan ya kai ƙololuwar hawansa, domin mafi ƙarfin matsin wutar ya zo jim kaɗan bayan ya fara gangarowa. A shekarar 1927, shekarar da dogo ya mai da Kafanchan mahaɗa, kamfanin Robert Bosch na Jamus ya fara ƙera famfon feshin dizal da yawa domin kasuwa, kuma jikokin wannan famfo ne suke cikin tsofaffin manyan motoci irin su Mercedes 911 da taraktoci da yawa da ke aiki a yankin.

Idan feshi ya zo da wuri fiye da kima, wuta tana tashi fistan yana kan hawa, sai ƙarfin ya koma yaƙi da injin. Alamarsa ita ce ƙara mai kaifi kamar ana buga guduma a kan ƙarfe. Matsin da ke cikin silinda yana hauhawa, gaskit da zobban fistan da metal su ɗauki wahalar. Idan kuma feshi ya makara, injin yana yin shiru, wanda yakan yaudari mai shi, amma man yana ci gaba da ƙonewa bayan fistan ya yi nisa, zafin da ya kamata ya zama ƙarfi ya fice ta salansa. Sakamakon shi ne wahalar tashi da safe, da farin hayaƙi kafin injin ya ɗumama, da kasala a hawa, da ƙarin shan mai.

Tsakanin waɗannan iyakoki biyu akwai wurin da injin yake ba da mafi yawan aiki daga kowace lita. Gabatar da feshi kaɗan yakan rage shan mai, amma yana ƙara zafin ƙonewa, wanda yake haifar da iskar guba mai cutar da huhu. Masu ƙira suna zaɓar wuri ne da zai daidaita ƙarfi da tattali da tsawon rai da tsabtar hayaƙi. Wahalar haɗa waɗannan duka ta bayyana ga duniya a watan Satumba na shekarar 2015, lokacin da hukumar kare muhalli ta Amurka ta gano cewa kamfanin Volkswagen ya sanya wa motocinsa na dizal wata dabara a kwamfuta domin su nuna hayaƙi mai tsabta a lokacin gwaji kawai. Kamfanin ya amince cewa abin ya shafi motoci kimanin miliyan 11. Darasin da ke ciki ga mai mota shi ne, duk wanda ya yi masa alkawarin ƙarin ƙarfi da ragin mai ba tare da wata illa ba, ta hanyar murɗa famfo da sifana, ya yi alkawarin abin da ya gagari manyan injiniyoyi.

Ana auna lokacin famfo da kayan aiki, ba da kunne ba. A famfon da bututunsa suke jere, akan yi gwajin ɗigo: a kwance bawul ɗin fitar mai na silinda ta ɗaya, a juya injin da hannu sannu a hankali har ɗigon mai ya tsaya, sa'an nan a duba ko alamar da ke jikin babban faifan bayan injin ta zo daidai da adadin digirin da mai ƙira ya rubuta. A famfo mai juyawa ana amfani da agogon awo mai allura. A ƙananan injina masu silinda ɗaya, irin na niƙa da ban ruwa, siraran faranti ne ake sanyawa a ƙarƙashin famfo: ƙara faranti yana jinkirta feshi, ragewa yana gabatar da shi. Sau da yawa akan kwance famfo domin wani gyara, faranti ɗaya ya ɓace a ƙasa, a mayar ba tare da shi ba.

Wajibi ne kuma a rarrabe tsakanin lokacin feshi da yawan feshi. Dunƙulen da yake ƙayyade yawan mai yakan zo da hatimin kamfani. Direbobi sukan nemi a karya hatimin a buɗe mai domin mota ta ja. Tana iya ƙara ja kaɗan, amma man da ya wuce abin da iskar silinda za ta iya ƙonewa yana fita ne a matsayin baƙin hayaƙi, yana kuma zafafa fistan, yana gurɓata baƙin mai. Baƙin hayaƙin da ke bin babbar mota a hawa dizal ne da aka biya kuɗinsa.

Injin fetur da motocin kwamfuta

A injin fetur, lokacin tartsatsin fulogi ne yake taka rawar da lokacin feshi yake takawa a dizal. A tsofaffin motoci masu kafireto, irin su Peugeot 504 da aka daɗe ana harhaɗawa a masana'antar Kaduna wadda ta fara aiki a shekarar 1975, ana daidaita shi ne da juya distiributa, ana haska alamar da fitilar taimin. Tartsatsin da ya zo da wuri yana sa injin ƙwanƙwasa idan an ɗora masa nauyi, wanda yakan huda fistan; wanda ya makara kuma yana kawo zafi da kasala.

Motocin baya-bayan nan sun miƙa wannan aiki ga kwamfuta. Kamfanin Honda ya fito da tsarin VTEC a shekarar 1989, Toyota kuma ta biyo da VVT-i a tsakiyar shekarun 1990, inda injin yake matsa lokacin bawul da kansa, ya sami ja a ƙasa da ƙarfi a sama. A ɓangaren dizal, tsarin bututu ɗaya mai tara matsi, wanda kwamfuta take buɗe nozul ɗinsa, ya shiga ƙananan motoci a shekarar 1997 da Alfa Romeo 156. A irin waɗannan babu abin murɗawa. Kwamfuta tana dogara ne ga na'urorin da suke gaya mata matsayin karanshaf da kam, da zafin ruwa, da yawan iska, da abin da ya rage a hayaƙi, domin ta riƙe ma'aunin kusan kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na fetur bisa nauyi.

A nan al'adu biyu na garejinmu suke jawo asara. Ta farko ita ce cire tamostat da sunan ƙasarmu tana da zafi. Injin da ba ya kai zafin aikinsa, musamman da sanyin safiya na hunturu ko a kan Filato, yana sa kwamfuta ta ɗauka har yanzu bai ɗumama ba, ta ci gaba da ƙara masa mai. Ta biyu ita ce jinkirta juyen baƙin mai ko zuba mai kauri fiye da ƙa'ida. Matsin baƙin mai ne yake motsa na'urar canza lokacin kam. Idan ya yi datti ƙananan hanyoyinsa suka toshe, kam yana maƙalewa a wuri ɗaya. Waɗanda suke mai da motocinsu ga iskar gas ta CNG, wadda Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirinta a shekarar 2023, su ma su lura cewa gas yana ƙonewa a hankali fiye da fetur, don haka yana buƙatar tartsatsi ya ɗan zo da wuri, kuma wannan aikin cibiyar da ta ƙware ne.

Hawan Filato da ƙarancin iska

Kafanchan tana sama kaɗan da mita 700 daga doron teku, Jos kuwa kimanin mita 1,200. Iska tana raguwa da tsawo, kuma injin da ba shi da tobo yana rasa kusan kashi 1 cikin 100 na ƙarfinsa a kowane hawan mita 100. Ke nan motar da ta tashi daga Kafanchan za ta isa Jos da ragin kusan kashi 5 cikin 100, wadda ta taso daga Legas kuma fiye da kashi 10. Wannan kasala ba ciwo ba ce, kuma ƙarin mai ba ya maganinta, tunda iska ce ta yi ƙaranci. Maganinta shi ne sauko da giya a kan kari, da tsabtace filtar iska, musamman lokacin ƙurar hunturu, da kuma daina lodin da ya wuce ƙa'ida.

Lissafin asara

Bari mu ɗauki misali da alƙaluma na zato domin sauƙin lissafi. Babbar mota tana tafiyar kilomita 4,000 a wata, tana cin kilomita 4 da lita ɗaya. Buƙatarta lita 1,000 ce. Idan lokacin injin ya goce har ta koma kilomita 3.6 da lita, buƙatarta ta zama lita 1,111. A kan Naira 1,000 kowace lita, ƙarin ya kai Naira 111,000 a wata, watau Naira 1,332,000 a shekara, a mota ɗaya. Mai motoci biyar ya ninka da kansa. Wannan asara ba ta zuwa da rasit, shi ya sa ba ta bayyana a littafin kashe kuɗi. Sau da yawa ma direba ake zargi da sayar da mai alhali laifin yana cikin injin.

Matakan da mai mota zai ɗauka

Na ɗaya, ya buɗe littafi ga kowace mota ko injin. A cika tanki, a rubuta kilomita, a sake cikawa, a raba tafiyar da litar da ta shiga. Ga janareta da injin niƙa, a rubuta lita da sa'o'in aiki. Wanda ba ya awo ba zai san ko gyara ya yi amfani ba.

Na biyu, kafin a taɓa taimin a kawar da sauran dalilai, domin alamominsu suna kama da juna: filtar iska da ta mai, da iskar tayoyi, da birkin da yake kamawa, da nozul da ya daina feshi ya koma tsiyaya, da ƙarfin matsin silinda. Dizal da aka gauraya da kananzir ko ruwa yana cinye famfo, don haka a tsaya ga gidan man da aka amince da shi.

Na uku, a tambayi makanike adadin digirin da mai ƙira ya rubuta wa wannan injin, da kayan aikin da zai auna da shi. Adadin yana cikin littafin injin, wani lokaci kuma a jikin farantin da aka manna masa. Bayan an ɗaura bel ko sarƙa, a juya injin da hannu zagaye biyu cikakku a sake duba alamomi kafin a tayar.

Na huɗu, a kai famfo da nozul wurin masu injin gwaji, a kuma nemi a mayar da hatimi. Motar kwamfuta a duba ta da na'urar bincike, kada a rufe fitilar gargaɗi.

Na biyar, a canza abu ɗaya a lokaci ɗaya, a yi tafiya a hanya ɗaya da kaya iri ɗaya, a kwatanta da abin da littafi ya nuna a baya.

Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Ga mai jigilar citta daga Kwoi ko mai injin niƙa a Zonkwa, mafi arhar gyara shi ne mayar da injin kan alamar da masu ƙera shi suka sanya, da riƙe littafin da zai nuna ranar da ya fara gocewa daga kanta.